Inna Mai Cire Wuta

A unguwar, duk wanda wuta ta taɓa, yaro ne ya jawo tukunya ko mai walda ne ya yi ganganci, gidan Inna ake fara nufa. 'Yar maƙeri ce. Mahaifinta bai samu ɗa namiji ba, da ya ga ƙarfinsa ya fara tafiya sai ya zaunar da ita a maƙera ya damƙa mata abin da kakanninsa suka bar masa. Ba ta gaji guduma ba. Abin da ta gada shi ne wani baƙin gari da take dakawa da kanta, kashin maƙera, wato dattin narkakken ƙarfe, da tokar wasu saiwoyi da ba ta taɓa faɗin sunansu ba, sai kuma ruwan da aka tsoma jan ƙarfe a ciki, wanda take zuwa ɗiba da tulu a maƙerar almajiran babanta.

Matar autanta, wadda har ta haifi uku ana ce mata Amarya, tela ce, kekenta na baranda daf da ƙofar tsohuwar. Da farko sharuɗɗan Inna dariya suke ba ta. Ba ta hura wuta da baki, ba ta kashe ta da ruwa, ba ta cin abu da zafi. Jikoki kan ce shayin Inna sai ƙuda ya yi wanka ya shanya kayansa sannan take sha.

"Ku yi ta yi," takan ce. "Ni da wuta akwai amana."

Wani hantsi mai gidan burodi ya shigo ba ko sallama, yana riƙe da ma'aikacinsa, wani ƙaton mutum da ake kira Dogo. Murfin tanda ne ya kama shi daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Ga gemu, ga kuka kamar jariri.

A lokacin hannun Inna ya fara rawa saboda tsufa, ɗan nata kuma yana wurin aiki. Ta ɗaga murya, "Amarya, bar ɗinkin nan, zo ki riƙe min kwano."

Amarya da kanta ta tsiyayo ruwan daga tulu, sanyi ƙalau. Inna ta barbaɗa garin, ta sunkuya tana motsa leɓe. Ba ta taɓa ƙunar ba. Tafinta ta riƙa bi da shi sama-sama daga gwiwar hannu zuwa yatsu, kamar mai zare hannun riga, sannan ta yarfe a cikin kwanon. Ta sake. Ta kuma sakewa.

Sai Amarya ta ji kwanon ya yi ɗumi. Ta ɗauka tsoro ne ya sa tafinta gumi. Kafin ta gama wannan tunani, tururi ya fara tashi daga baƙin ruwan yana bugun fuskarta.

"Inna, ƙona ni yake yi!"

"Riƙe, 'yar nan. In kika saki, wurinsa wutar za ta koma."

Ta cije leɓe ta riƙe, hawaye na zuba. Kukan Dogo ya yi ta raguwa har ya koma ajiyar zuciya. Ya dubi hannunsa, ya dubi tsohuwar, ya ce a ba shi ruwan sha.

"Maza kai shi asibiti," Inna ta ce da mai gidan burodi. "Wuta na cire. Fata kuma aikin likita ne."

Bayan sun fita ne Amarya ta ga tafin surukarta ya yi jajir, ya ɗuri ruwa.

"Inna, kullum haka ake yi?"

"To da ina kike so wutar ta bi?"

Ranar Amarya ce ta ba Inna abinci a baki. Daga nan ba ta ƙara yarda jikoki su yi wa shayin tsohuwa tsiya ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da Inna, ta kira Amarya gefen gado. "'Ya'yana duk sun ƙi. Ke ce hannunki bai saki ba. Za ki karɓi gadon nan?"

Amarya ta sunkuyar da kai ta ce, "Ki gafarce ni, Inna. Ba zan iya ba."

"Ba laifi. Wuta ba a ɗora wa mutum ita dole." Ta sa ɗanta ya kai ragowar garin rafi ya zubar.

Ranar da ta rasu, titin ya cika da baƙin fuskoki. Masu walda, masu gyaran mota, mata masu suya, kowa ya zauna sai ya janye hannun riga ko gefen mayafi ya nuna tabonsa. Wata dattijuwa da ta zo daga nesa ta kama hannun Amarya ta ɗora a wuyanta, inda fata ta yi sulɓi.

"Ina goye aka kawo ni," ta ce. "Lokacin Inna ma ko aure ba ta yi ba."