Hambali Mai Gwangwan da Bindigar Dogo

Duk wanda ya san Gwarzo ya san Hambali mai gwangwan. In bai san fuskarsa ba, to ya san kukan babur ɗinsa, wanda ake jiyowa tun yana bayan gari. Sana'arsa sayen ƙarafan da suka gama aikinsu: karyayyiyar garma, mataccen injin ban-ruwa, kwanon rufin da tsatsa ta cinye. Ba ya rabuwa da wani mayen ƙarfe da ya ciro daga tsohuwar sifika ya ɗaure da igiya. Da shi yake bambance ƙarfe da sanholo, da shi kuma yake jan ƙasa a bakin garejin makanikai, kusoshi su yi ta maƙalewa.

Amma ba ƙarfe ne ya yi masa suna ba, baki ne. Allah ya hore wa Hambali labari. Mahaifiyarsa takan ce tun bai iya tafiya ba ya iya ƙarya mai daɗi, irin wadda ba ta cutar da kowa. Ko matarsa Sa'ada, 'yar Durun, 'yan'uwanta har yau suna tsokanarta da cewa ba mutum ta aura ba, rediyo ta aura. Mutum ɗaya ce kawai bakin nan yake mutuwa a gabanta, wato 'yarsa ta fari, Fiddausi. Saboda kunyar ɗan fari bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai ya ce “yarinyar nan”. Ya fi sonta a kan duk 'ya'yansa, kuma kowa ya sani, shi kaɗai ne yake zaton ya ɓoye.

Ita yarinyar nan ce ta jawo masa bindigar. Wata rana a shagon cajin waya ya tarar da samari sun yi cincirindo a kan wani fim. Ya leƙa, ya ga wasu dogayen halittu sun sauko daga sama da wata igwa mai baki biyu, ba hayaƙi, ba albarushi, amma in ta yi tari sai dutse ya tsage. Abin ya tsaya masa a rai. Da ya koma gida bai tambayi Fiddausi kai tsaye ba, ina shi ina hira da 'yar fari? Sai ya fuskanci Sa'ada ya ce, “Ko yarinyar nan da ta yi karatun kimiyya ta san yadda bindiga za ta tashi babu albarushi?”

Fiddausi ma ta fuskanci uwarta ta ba da amsa. Ta ce ƙarafa biyu ne a jere kamar layin dogo, a sa guntun ƙarfe a tsakani. Wutar lantarki ta bi ɗaya, ta ratsa guntun, ta dawo ta ɗayan, sai ƙarfin maganaɗisu ya cilla shi da gudun da zai riga ƙararsa isa. Sa'ada na tsakiya tana tsince shinkafa, ba abin da ta fahimta. Hambali kuwa ya ciro mayen ƙarfensa ya yi ta juya shi a hannu, murna ta cika shi. Ashe abin da yake ja a ƙasa shekara da shekaru, a can sama da shi ake yaƙi!

Kafin mako ya zagayo ya haifi Rundunar Bayan Wata. A labarinsa halittun nan 'yan gwangwan ne irinsa, sai dai su ba sa ciniki. Ƙarfen duniyarsu ne ya ƙare, suka zo kwasar namu. Jirginsu in ya gifta ta saman gari, fatanyu da lauje da ƙyamaren ƙarfe sai su tashi su bi shi. Duk abin da suka kwasa su cusa a Bindigar Dogo su maido wa masu shi. Akwai inda aka harbi garin da keken ɗinkin telansu. Akwai inda injin markaɗe ya huda tsauni ya fita ta baya, sai da jama'a suka gama salati sannan ƙarar ta iso. Mai tsare duniya kuwa wani saurayi ne, Uwaisu, da ya sace bindiga ɗaya ya juya bakinta sama.

Labari ya karɓu. Da an ji babur ɗinsa sai majalisa ta cika, mata su turo tsofaffin ƙarafa ta zaure, su kuma laɓe suna saurare. A nan ne Hambali ya yi abin da masu baki suka saba yi: kowa ya ba shi abin da kunnensa ke so. In ya je Durun, Uwaisu ɗan Durun ne, garin da aka rusa kuwa Madadi. In ya je Madadi, Uwaisu haifaffen Madadi ne, Durun ce aka mayar fili. Ya yi lissafin cewa Durun na ƙasar Kabo, Madadi na ƙasar Gwarzo, kuma manomi ba ya barin gonarsa don ya je bin diddigin tatsuniya. Ya manta ramin ƙarya ƙurarre ne.

Sai Allah ya kawo wa Fiddausi miji, Ja'afar, malamin firamare mai hankali, kuma ba daga ko'ina ba sai Madadi. Yara suna son juna, iyaye suka amince, aka sa rana. Hambali ya yi ta hidima, bai taɓa tsayawa ya tuna cewa dangin uwar amarya da dangin ango za su zauna a tabarma ɗaya ba.

Ranar ɗaurin aure da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa. Shi uban amarya, kamar yadda aka saba a auren 'yar fari, ya bar wa yayansa walicci ya shige zauren maƙwabci ya ɓuya. Mutanen Durun suka iso, Lurwanu yayan Sa'ada a gaba, mutum mai barkwanci wanda ba ya ganin wargi ya ƙyale. Can sai ga motar Madadi. Wakilin ango baffansa ne, Alhaji Maikuɗi, dattijo mai dogon gemu da gajeren haƙuri, wanda aka sani in ya tashi daga zama ba ya komawa.

Aka gaisa, aka tambayi gida da gona da gajiyar hanya. Da Lurwanu ya ji daga inda suke sai ya gyara fuska ya ce, “Madadi? Ashe akwai waɗanda suka tsira! Ya muka ji da haƙuri? Allah ya mayar da alheri.”

Alhaji ya dube shi. “Haƙurin me, Malam?”

“Na Bindigar Dogo mana. Mu dai Allah ya taimake mu da Uwaisu.”

“Wane Uwaisun? Namu na Madadi?” in ji Alhaji. “Ai mu ya kamata mu yi muku jaje. Mun ji ko turken akuya ba a bari a Durun ba.”

Wuri ya kaure da dariya, kowane ɓangare na kawo nasa. Da a nan aka tsaya da an sha daɗi. Amma Lurwanu ya samu fage. Ya ce ai harbin farko ma a rumbun wani Alhaji ya sauka, da tsohuwar garmarsa aka harbe shi, ya fito a guje ba hula, yana kiran a cece masa dawa a bar iyali. Wani daga baya ya tambayi sunan Alhajin. Lurwanu ya ce, “Maikuɗi, in ban manta ba.”

Dariya ta ɗauke ɗif. Gaskiyar magana, Alhaji ya taɓa wahalar da Hambali a cinikin wata garma, shi kuwa ya rama a inda yake da iko. Dattijon ya miƙe, ya jawo takalmansa ya zura.

“Liman, a dakata,” ya ce. “Ni ba na karɓa wa ɗana aure a gidan da aka rusa mini gari, aka tuɓe mini hula, ana ba surukai dariya. A kira mini mai bakin.”

Aka ba shi haƙuri, ya ƙi. Ja'afar na can cikin abokansa, zufa ta jiƙa masa sabuwar shadda. Magana ta shiga cikin gida, masu guɗa suka yi shiru. Sa'ada ta aiko a gaya wa mijinta cewa amarya ta kifa kai tana kuka, kuma in auren nan ya watse a kan tatsuniya, to ya nemi inda zai kwana shi da mayen ƙarfensa.

Haka aka fito da Hambali daga zauren maƙwabci, kansa a ƙasa. Bai taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ya durƙusa ya gai da Alhaji, ya gai da liman, ya juya ya harari Lurwanu.

“Malam Hambali,” in ji Alhaji, “tambaya ɗaya. Gaban jama'ar nan, wane gari aka rusa, kuma Uwaisu ɗan ina ne?”

Gaba kura, baya siyaki. In ya ce Durun aka rusa, ya tozarta dangin matarsa a ƙofar gidansa. In ya ce Madadi, motar nan za ta koma yadda ta zo. In kuma ya ce duk ƙarya ce, ya kashe labarin da hannunsa, kuma Alhaji ba zai huce ba, don an riga an yi masa dariya. Daga cikin gida yana jiyo shessheƙar yarinyar nan, ko kuwa zuciyarsa ce ta jiyo masa.

Sai ya ɗago. “Ranka ya daɗe, kafin in amsa, ka taɓa ganin jirgin Bayan Wata a saman Madadi?”

“Ban gani ba.”

“Yaya Lurwanu, fatanyarka ta taɓa tashi sama?”

“Tana nan a rataye,” in ji Lurwanu.

“To ai shi ke nan. Ba su iso ba tukuna, suna hanya. Labarin gaba nake ba ku.” Muryarsa ta fara dawowa, hannunsa ya fara yawo a iska kamar yadda ya saba. “Ita Bindigar Dogo, ko a hannun wa take, ba ta kare gari sai inda mai riƙe da ita yake da jini. Na duba Uwaisun da uwa da uba duk 'yan Durun ne, ya tsare Durun, Madadi ta tafi. Abin da na faɗa a Durun ke nan. Na duba wanda duk jininsa na Madadi ne, ya tsare Madadi, Durun ta tafi. Shi na faɗa muku. Ban ƙara ba, ban rage ba.”

“Ka dai ƙara hula,” in ji Alhaji, amma an ga gemunsa ya motsa.

“Saura Uwaisu na uku, wanda ban taɓa ba da labarinsa ba. Shi ubansa ɗan Madadi ne, kakarsa ta wajen uwa 'yar Durun, kuma a Gwarzo uwarsa za ta yi wankan jegonsa. Shi kaɗai zai tsaya ya juya bakin bindigar nan sama, garuruwa uku su kwana lafiya, ko ƙwayar dawa ba za ta zube daga rumbun kowa ba.”

“Yana ina?” wani ya tambaya daga cikin mutanen Madadi, da gaske yake.

Nan Hambali ya tsaya. Abin da ya rage ba maganar da uba ke yi ba ce a kan 'yarsa ta fari, balle a bainar jama'a. Ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi, ya ce a hankali, “Ba a haife shi ba. Uwarsa ce a ciki take kuka. Fiddausi.”

Yayansa ya riƙe baki. Ko a cikin gida sai da aka ji, don wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa ba tare da an ba ta izini ba. Tun ranar suna ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakin Hambali.

“Ubansa kuma ga shi can yana zufa,” Hambali ya ƙarasa. “Su kuwa mutanen Bayan Wata ba sa jiran kowa, ranka ya daɗe. Kai ne ka tsayar da liman.”

Alhaji Maikuɗi ya dubi Ja'afar, ya dubi Hambali, ya yi ƙoƙarin haɗe rai, abin ya gagara. Dariya ta ƙwace masa har sai da ya dafa kafaɗar Lurwanu. Ya tuɓe takalmansa, ya koma ya zauna, abin da mutanen Madadi suka rantse ba su taɓa gani ba.

“Liman, a ɗaura,” ya ce. “A yi sauri, kada a ritsa da mu.”

Aka yi siga, aka shafa fatiha, aka raba goro da alewa. Jama'a suka yi ta miƙo wa Hambali hannu, shi kuwa mai bakin da ya cika ƙasar Gwarzo da Kabo ya kasa cewa ko amin, hawayen daɗi ne kawai ke bin fuskarsa. Yana neman hanyar komawa zauren maƙwabci Alhaji ya riƙo hannun rigarsa, ya jawo shi kusa.

“Malam Hambali, in an haife shi a ƙofar gidana za a raɗa suna,” ya ce. “Kuma ranar da za ka ba da labarin a Durun, ka fito da ni da hulata.”