Turmin Tasalla da Garwar Mai Zakara

Tasalla ba ta yafiya, kuma ba ta taɓa ɓoye hakan ba. In ka taka ta, sai ta dube ka ta ce, "Na aje," ta ci gaba da aikinta. Duk Illela an san abin da ta ajiye ba ya ruɓewa.

Ita ce uwar aiki a gidan man gyaɗa na Alhaji Maccido, gidan da ake kira Mai Zakara saboda jan zakaran da ake zanawa a jikin kowace garwa. Tun tana budurwa take daka a can, da turmin da ta gada wurin uwarta. Al'adar gidan ce ba a fitar da garwa sai an zura ƙuli-ƙuli mai zobe a igiyar kaba, an ɗaura mata a hannu. Zakara kowa na iya zana shi, don haka fataken Ƙonni ƙulin suke fara gutsura kafin su yarda man na gidan ne.

Alhaji ya rasu shekarar da aka sami 'yancin kai. Ɗansa Mukhtari ya gaje shi, ya sayo injin matsar mai daga Kano. Sayen inji ba laifi ba ne, matan ma kafaɗunsu sun gaji. Laifinsa shi ne bai gaya wa kowa ba. Da safe suka zo aiki suka tarar an watso turamensu a lungu, na Tasalla ya tsage har gindi. Ranar kasuwa kuma ya sa mai shela ya zagaya yana cewa man Mai Zakara yanzu mai tsabta ne, hannun tsofaffi ba ya taɓa shi.

Tasalla ta ɗaure turminta da tsumma ta kai gida. "Na aje," in ji ta.

Ta tara matan a gidanta suka ci gaba da daka. Garwarsu ba zane, amma da ƙuli a hannu. Shi kuwa Mukhtari ya sayar wa masu kiwo tunkuzar injinsa, ya daina soya ƙuli. Fatake suka ga zakara ba ƙuli, suka ce jabu ne. Garewani suka riƙa dawowa daga Ƙonni a bayan jakuna, har aka fara raɗe-raɗin gidan ya mutu tare da mai shi.

Abu ɗaya Tasalla ta hana. Ranar da Hindatu, mai soya musu gyaɗa, ta ce wa wani falke man Mai Zakara ya lalace, Tasalla ta daka mata tsawa. "Ki zagi ɗan, ni ma in taya ki. Zakaran ga kuwa mu munka yi kiwo nai."

Da ruwa ya kai wa Mukhtari wuya, ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta.

"Inna, a yi haƙuri."

"Mi ka yi?"

"Ban yi shawara ba."

"Shawara? Ni da nig goya ka, ka sa anka yi shelar ƙazantata cikin kasuwa. To, bakin da ya ɓata shi za ya gyara. Ba na mai shela ba, naka."

Ranar kasuwa Mukhtari ya ɗora tsagaggen turmin a ka, da babbar rigarsa, ya bi rumfa rumfa daga 'yan hatsi zuwa 'yan canji. Tasalla na bayansa. A kowace tsaya yana faɗin abin da ta tsara masa: inji ya zo kuma ba zai koma ba, shi zai riƙa matsa, suyar gyaɗa da ta ƙuli na hannun matan da aka sani, zakara na nan, ƙuli na nan, wanda aka kai wa garwa ba ƙuli ya dawo da ita. In muryarsa ta yi ƙasa sai ta ce, "Ɗaga, 'yan Ƙonni ba su jiya ba."

Mutane sun yi dariya, amma sun ji. Kafin kaka ta ƙare fatake sun dawo. Injin ya yi aiki, mai ya ƙaru, kafaɗun mata suka huta. Mukhtari ya sassaƙo mata sabon turmi, ta sa aka ɗaure akuya a jikinsa. Tsohon turmin kuwa ta girke shi a bakin ɗakin inji, inda sai Mukhtari ya kauce masa kullum in zai shiga.

Ba ta sake amsa gaisuwarsa ba. Da ciwon ajali ya kwantar da ita, ana gab da juyin mulkin soja na farko, Hindatu ta roƙe ta ta yafe masa, ko don kabari.

"Wanga tsakanina da Ubangijina ne," in ji Tasalla. "Ku dai ga abin da nika roƙon ku. Kada garwa ta fita gidan can ba ƙuli. Turmina kuma, kowa ya ce a ɗauke shi, ku hana. Ku bar shi inda Mukhtari ka ganin shi."