Tablon da na karanta ban gani ba

Assalamu alaikum. Na daɗe ban leƙo nan ba, har wasu sun ɗauka wayata ce ta lalace. Idona ne.

Da ciwon kai abin ya fara, sai rubutun tablo, wato allon aji, ya riƙa dishe mini a lakwal, makarantarmu ta boko nan Madawa. Na yi gum da bakina har ranar da na yi karo da ƙofar aji.

A asibitin Tawa aka auna, likita ya ce tansiyon ido ce, wato hawan jinin ido. Na dama ya riga ya tafi, na hagu sai an yi aiki. Baba ya sayar da albasarsa tun ba ta ƙosa ba. Na yi kwanaki da bandeji, kullum ina fargabar ko an kwance duhu zan tarar.

Aka kwance, na ga fuskar Inna. Amma rubutu sai dishi-dishi.

Da na koma lakwal aka turo Mushe Salifu, malamin masu larurar gani, ya duba sau nawa ya kamata ya riƙa zuwa koya mini. Tun daga gida Inna ta ja mini kunne: "Kak ki bari shi rubuta ki makauniya, ɗiyata."

Ni kuwa tun makarantar allo na iya hadda. Malamin aji yana rubutu yana faɗa, ina kwashewa. Da Mushe Salifu ya ce in karanta tablo, na zubo shi tas. Ya ji daɗi, ya rubuta cewa sau ɗaya a wata ya wadatar.

Sai na tuna da abin da ke gaba. Ranar jarrabawa babu mai karanto mini takarda. Na ga karatuna ya ƙare, kuma da bakina na kashe shi.

Yana shirin tada babur na bi shi.

"Mushe, ban ga komi ba. Hardacewa niy yi."

Muka koma aji, ya rubuta kalma guda bai furta ba. Na kalla, na kalla, sai hawaye. Ya yaga takardar farko.

Yanzu Talata da Alhamis yake zuwa, muna yin manyan baƙaƙe da rubutun da ake shafawa da yatsa. Inna ta yi fushinta ta gama. Jiya na karanta shafi guda ni kaɗai.

Alhamdulillahi. Likitoci, Baba, Inna, Mushe Salifu, Allah ya saka da alheri.

Ciwon kai da dishin ido, a je asibiti da wuri. In an zo gwada ganinku kuma, ku bar wayo a gida. Abin da ba ku gani ba, ku ce ba ku gani ba.