Gwajin Bayan Labule

Bangon da ya raba shagon Tela da falon maƙwabcinsa bulo ɗaya ne, ko tari aka yi a can sai ya ji. Ranar kuwa abin ya wuce tari. Yana tsaka da kafa hannun riga muryar mace ta ratso bangon.

"Mota fa, Baba! Direban ya ce sau uku yana danna maka oda, kai kuwa kana ta tafiyarka a tsakiyar titi kamar tsakar gidanka."

"Odarsa ce ta mutu."

"Kullum kayan mutane ne suka mutu. Wayata ta mutu, ƙararrawar ƙofa ta mutu..."

"To ba sana'ata ke nan ba? Da kaya ba sa mutuwa, da me na ciyar da ke har kika yi bakin yi mini tsawa?"

Tela ya ɗage ƙafa daga keken ɗinki. Ya san muryoyin. Auta ce, ma'aikaciyar jinya a wani asibiti can ƙarshen gari, da mahaifinta, wanda duk layin ke kira Baba Mai Kunne.

Sunan ba na zolaya ba ne. Shekara arba'in da ɗoriya dattijon ya yi yana hidimar lasifika. A gidan sinima ya fara, yana shiga bayan allo yana ɗaure wayoyi. Daga nan ya koma kafa manyan lasifikoki a filayen wasa da zaurukan taro, yana tsaye a gabansu suna ruri har rigarsa na kaɗawa. Da ƙarfi ya fara ja baya sai ya buɗe shagon gyara a gaban gidansa. Tela ya sha ganin aikin da idonsa. A kawo lasifika tana gunji kamar mai mura, dattijo ya kwantar da ita a tebur, ya ɗora yatsu huɗu a kan baƙar takardar nan ta bakinta, ya danna a hankali kamar likita na taɓa cikin jariri. Sai ya ɗauko ƙaramin batir ya taɓa wayoyinta, takardar ta yi tsalle. Shi ke nan ya gama bincike. "Zaren tagullar na gogar maganaɗisu," zai ce, ko kuwa, "Gam ya saki ta hagu." A buɗe, a tarar haka ne.

A falonsa akwai wasu lasifikoki biyu, kowace ta kai masa ƙirji, sai ƙarti biyu ke iya ɗaga ɗaya. Lokacin da aka rufe sinimar ya ciro kayan cikinsu, ya yi musu akwati da katakon kabad ɗin matarsa, abin da ya sa marigayiyar ta yi wata guda ba ta yi masa dariya ba. Kowace la'asar yakan ɗora faifai, sai allurai su hau rawa a kwanon Tela. Tun Tela na ƙorafi har ya koma duba agogo idan rawar ta makara.

"Na gyara maka ɗaki a gidana," Auta ta ci gaba. "Ga waɗannan na sayo maka, sababbi fil. Waɗancan gumakan naka ba za su hau bene ba."

"Wannan abin kamar kwalin takalmi? Shi ne lasifika?"

"Sun fi naka komai. Kuma ko ba su fi ba, Baba, kai ba za ka gane bambancin ba."

Tela ya ajiye almakashi a hankali don kada ya yi ƙara. Ya gane lasifikar hanya ce kawai Auta ta biyo. Ta san muddin manyan nan na tsaye a falon, mai su ba zai motsa ba. Idan suka faɗi, shago ya rufu, gida ya rufu, dattijo ya koma ɗakin sama yana leƙen titi ta taga.

Ba a jima ba sai ga Baba Mai Kunne a ƙofar shago, tsayin nan nasa ya tare haske.

"Tela, ara mini yadi biyar. Mara nauyi, amma wanda ido ba ya ratsawa. Kuma ka zo ka yi mana shaida, yau za a gwada ni kamar ɗan firamare."

"Baba, ai da ka bar yarinyar nan..."

"Na'am, shuɗin ma ya yi," in ji dattijo, ya juya abinsa.

Sharaɗin Auta ce ta kafa shi, tana ɗaure igiyar labule daga ƙusar kalanda zuwa ƙarfen taga. Tsofaffi da sababbi duk za su zauna bayan labule, ita ma tana can tana sauya su. Faifai ɗaya, sau goma, kowane zagaye ya faɗi ko nasa ne ke kiɗa ko nata. In ya kuskure sau biyu, gobe mota za ta zo kwasar kaya. In bai kuskure ba, ba za ta sake tayar da zancen ba.

"Kawu Tela, kai ne alƙali. Kada ka ji tausayinsa."

"Ni dai an tsamo ni daga aikina," in ji Tela.

Da kanta ta haɗa wayoyin sababbin a jikin amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, ta ce ba ta yarda ya taɓa ba, kada ya yi musu asiri. Dattijo ya ja kujerarsa ta katako tsakiyar falo. Ya tuɓe takalma ya jera su a gefe, ya kafa tafin ƙafafunsa a ƙasa, ya kwantar da hannuwa a kan hannun kujera, ya lumshe ido.

Allura ta sauka a kan faifai. Ganga ta fara, sarewa ta bi ta, sannan muryar wata mace ta taso a hankali.

"Nawa," in ji shi, tun kafin matar ta kai ƙarshen numfashinta na farko.

Auta ta sauya.

"Naki."

Ta yi kamar ta sauya, ba ta sauya ba.

"Naki dai. Auta, tun kina ƙarama ba ki iya ƙarya ba."

Tela ya kasa kunne iyakar iyawarsa. Tsofaffin suna da wani kauri mai ɗumi, kamar mutum na magana daga ƙirji. Sababbin kuwa tas suke, har ana jin matar na jan numfashi. Amma kafin shi ya tantance, dattijo ya riga ya amsa. Sai idon Tela ya sauka ƙasa. Ya ga babban yatsan ƙafar dattijo na ɗan motsi, yana lalube kamar makaho na neman bakin ƙofa. Ƙasan falon katako ne. Tela ya tuna shekara biyar da suka wuce, da dattijo ya kira kafinta ya shimfiɗa falankai a kan lafiyayyen siminti, ya ce sanyi ke damun gwiwarsa. A shekarar ce ya daina amsa sallama daga baya. A shekarar ce ya fara kallon bakin mutum idan ana magana.

Ashe da ƙafa mutumin nan yake sauraro. Shekara biyar yana gyara lasifikokin gari, masu kunne garau suna kawo masa suna godiya, ba wanda ya taɓa dawo da aiki.

A zagaye na huɗu dattijo ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Wa ya haɗa waɗannan yaran?"

"Ni," Auta ta leƙo ta gefen labule, yadda zai ga fuskarta. "Me suka yi?"

"Kin juya wa ta dama waya. Ja ya tafi gurbin baƙi. Ɗaya na turo iska, ɗaya na janye ta, suna cinye wa juna ganga. Je ki duba."

Ta duba. Tela ya ji ta ce "La!" ƙasa-ƙasa.

Da ta gyara, sai ƙananan akwatunan nan suka buɗe murya. Ganga ta cika falon, falankai suka ɗauka, har Tela ya ji a tafin ƙafarsa ta cikin takalmi. A nan ya gane abin da dattijo ya yi wa kansa. Da ya yi shiru, da gwajin ya zama wasan yara: wadda ta girgiza ƙasa tasa ce, wadda ba ta girgiza ba ta Auta ce. Yanzu duk biyun suna girgizawa. Gidansa da shagonsa ne a kan faifan nan, amma ya kasa zama yana ji ana zaluntar lasifika, ko da ta abokin gaba ce. Ko kuwa dai girman kai ne, ba ya son ya ci nasara a kan gurguwa? Tela ya dubi fuskar dattijo, bai iya rabewa ba. Wataƙila shi ma mai fuskar bai taɓa rabe su ba.

Zagaye na biyar ya ɗauki lokaci. Gumi ya tsattsafo a goshin dattijo.

"Naki," ya ce a ƙarshe. "Kai, yaran nan ba su da kunya. Suna buga ganga su tsaya cak. Nawa sai sun ɗan ja wutsiya."

Na shida ya ci. Na bakwai ya ce nasa, alhali nata ne. Tela ya ce, "Kuskure ɗaya," yana ɗaga yatsa. Dattijo ya buɗe ido ya ga yatsan, ya gyaɗa kai, ya ƙara manna ƙafafunsa. Na takwas da na tara ya wuce su da ƙyar. A na goma ya bar matar ta yi baiti guda cur.

"Nawa ne. Tsofaffin banza, na san tafiyarku."

Auta ta ɗage allura. Ba ta fito ba. Daga bayan labule, da murya irin wadda ake yi wa mara lafiya magana, ta ce, "Ka ci, Baba. Ka ji? Ni tsoro nake ji kawai. Kada wata rana a kira ni a ce kai ne aka kawo asibiti."

Dattijo na zaune, ido a rufe, ƙafafu a kafe, yana jiran zagaye na gaba.

"Baba?"

Ko gezau. Tela bai san lokacin da ya buga dunduniya a kan falanki ba. Dattijo ya buɗe ido firgigit, ya dubi Tela, ya dubi labule.

"An gama? To, alƙali, faɗi sakamako."

"Tara cikin goma," in ji Tela.

Auta ta yaye labule. Idonta ya yi ja, ta dubi ƙafar Tela, ta dubi ƙafafun mahaifinta da ke kan katako. Tela ya ga ta gane komai, ya jira ta fasa ƙwai. Ma'aikaciyar jinya ce, tana da hujjar da za ta rushe alkawarin nan take. Sai kawai ta durƙusa ta ɗauko takalman ta ajiye masa a gabansa.

"Magana ɗaya ce, na ce ba zan sake ba," ta ce tana kallonsa sosai, tana buɗe baki da kyau. "Bari in mayar da su kwali."

"Wa ya ce ki taɓa su? Bar mini su nan. Zan yi musu ƙafafun katako, ba a ajiye lasifika a ƙasa kamar buta."

Ta yi dariyar da ba ta shirya ba, ta goge ido da bayan hannu, ta ɗauki jaka ta fita.

Tela ya kwance igiya, ya ninke yadinsa, yana ta kauce wa idon dattijo. Har ya sa ƙafa waje ya ji an riƙo masa hannun riga. Baba Mai Kunne ya biyo shi bakin ƙofa, har yanzu ba takalmi.

"Ta yi magana a bayan labulen nan, ko? Kada ka yi mini ƙarya, na gani a fuskarka."

Tela ya gyaɗa kai.

"Kada ka faɗa mini abin da ta ce, daga bakinta nake so." Ya dubi titin da Auta ta bi. "Ganga tana bin katako, Tela, amma muryar yarinyar nan ba ta bi. Ranar Litinin ka rufe shago ka raka ni wajen likitan kunnen nan da take ta faɗa. Kuma ka riƙa tafiya ta gefen motoci."