Shekarar da Lauya Ya Sauka a Zaurenmu

Ranar wata Asabar ce a tsakiyar daminar 1977, hantsi ya ɗaga, ina tsugune a tsakar gidanmu da ke Gumel ina wanke-wanke, sai ga Baba ya shigo da sabuwar zana a naɗe a kafaɗa da dirkoki biyu a hannu. Ya wuce rumbu, ya wuce turken awaki, ya tsaya gaban 'yar kafar da ke jikin katangar da ta raba gidanmu da na Baffa Haladu. Da kansa ya haƙa ramuka, ya kafa dirkokin, ya ɗaure zanar da igiyar kaba ya ja tamau. Daidai lokacin Mairo, 'yar Baffa Haladu, ta taho daga nasu ɓangaren da ɗan kasko za ta ɗebi wuta. Ƙafafunta kawai na hango ta ƙarƙashin zanar. Sun jima a tsaye, sannan suka juya. Inna ta dakata da surfe, taɓarya a hannu, ta ce, "Malam, lafiya?" Baba ya karkaɗe hannuwansa ya ce, "Daga yau kowa ya bi ta ƙofarsa."

Baffa Haladu ba ɗan'uwan Baba ba ne na jini, amma sai da na yi wayo sosai na san haka. Tare suka yi karatun allo, tare suka fara fatauci da jakuna, suna ɗauko kanwa da dabino daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Daga nan suka shiga sayen riɗi a ƙauyukan Gagarawa da fatu a Sule Tankarkar, suna kai wa wani attajiri a Kano. Allah ya sa wa abin albarka har suka haɗa ƙarfi suka sayi mota mai bodin katako. Babu takarda ko ɗaya a tsakaninsu. Baba yakan ce, "Wanda kuka ci tuwo a akushi ɗaya, me alƙalami zai ƙara muku?" Da aka zo yi wa motar rajista sai aka sa sunan Baba shi kaɗai, don shi ne ya ɗan iya boko, kuma ba wanda ya ga aibu a ciki.

Ta wannan kafa rayuwarmu take bi. Ta nan ake aron rariya da muciya, ta nan ƙoƙon fura yake ƙetarawa da rana, ta nan kaji suke rikicewa har a rasa na wa ne. Ni da Mairo shekara ɗaya aka haife mu, a ɗakin uwarta Iya Hanne aka yaye ni, ita kuma aka yaye ta a na Inna. Iya Hanne 'yar Damagaram ce, makaranta ma lakwal take ce mata, mu yi ta dariya tana bin mu da mafici. Da safe tare muke zuwa rijiya, ni da tulu ita da gwangwani, mu dawo mu yi shara, mu kai awaki bakin gari wajen mai kiwo, sannan mu ruga firamare kada malam ya tare mu da tsumagiya a bakin ƙofa. Da yamma mu baje 'yar carafke a gindin darbejiya, ko mu haɗa 'yar tsana da ƙashin ƙafar saniya mu yi mata kitso da zare. Gonakinmu ma a jere suke a hanyar Gagarawa, iyakarsu wani layin yakuwa ne da ba wanda ya damu da shi.

Abin da ya kawo zanar, daga baya na tattara shi a bakin manya. Wani ma'aikacin haraji ne ya zo daga Kano, ya ce an ga motar tana ta zirga-zirga shekara da shekaru ba a taɓa biyan harajin cinikin ba, kuma tun da sunan Baba ne a kanta, shi za a kama da komai. Ya ambaci kotu, ya ambaci kame motar. Baba ya ce ai su biyu ne, ya aika aka kira amininsa. Baffa Haladu kuwa mutum ne mai mugun tsoron hukuma. Yana yaro ya ga an ɗaure mahaifinsa a rana kan haraji a zamanin En'e, abin bai taɓa barin ransa ba. Da ya ga baƙo da biro a aljihu, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ɗan rakiya ne kawai." A gaban mutane ya faɗa, a zaurenmu. Inna ta ce Baba bai ci tuwo ba ran nan. Ba harajin ne ya dame shi ba kamar wannan kalma ta ɗan rakiya.

Ba wanda ya hana ni magana da Mairo, amma mun rasa yadda za mu yi. A aji benci ɗaya muke, sai kowa ta manne da nata gefen. A rijiya mu haɗu, ta taya ni ɗora tulu ba tare da ta dube ni ba. Lokacin maimai ya zo, maimakon a haɗu a gama gona ɗaya a koma ɗaya kamar kullum, kowane gida ya duƙa a tasa, muna jin ƙarar fartanyar juna ba gaisuwa. Motar aka ajiye ta a ƙofar gida, ciyawa ta fito a gindin tayoyinta, kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashinta, direba ya koma garinsu. Yara a makaranta suka fara cewa za a kai babana gidan yari a Kano, a aske masa kai. Duk motar da na ji ta tsaya a unguwarmu sai in ruga zaure in leƙa. Sai kuma labari ya juya: attajirin nan na Kano zai aiko wa Baba da lauyansa, a kai Baffa Haladu kotu. Yanzu kuma uban Mairo za a aske. Ban san wanne ya fi min sauƙi ba.

Mu a lokacin abin da muka sani game da lauya shi ne mutum ne mai baƙar riga da hular gashi, wanda yake mai da fari baƙi da bakinsa. Kakata takan ce, "Gidan da lauya ya shiga, sai dai wani ya fita da kuka." Ranar da farar Fijo ta tsaya a ƙofar gidanmu, yaran unguwa suka hau katanga. Sai ga wani dattijo siriri ya fito, da farin kaftani da hula zanna, yana ɗingisa ƙafa ɗaya. Lauya Salihu sunansa. Iyayensa mutanen Ilori ne, amma a Kano ya tashi, Hausarsa tangaran. An ce ya daɗe yana aikin 'yan kasuwa da kamfanoni, kuma babu lungun dokar haraji da bai sani ba. Ya ƙi sauka a gidan baƙi na gwamnati, ya ce a shimfiɗa masa tabarma a zaure. Inna ta yanka zakara, ya ce a yafe masa, gyambon ciki gare shi, kunu ya ishe shi.

Ni aka ba kunun in kai. Na dire ƙwaryar a gabansa da ƙarfi har ya fantsama, na tsaya ƙiƙam ban durƙusa ba. Na ce, "Kai ne za ka ɗaure Baffa Haladu?" Ya cire tabarau ya dube ni. "Yaya sunanki?" Na ce Jummai. Ya ce, "Jummai, ni ko akuya ban taɓa ɗaurewa ba. Mene ne naki da shi?" Na ce baban ƙawata ne. Ya gyaɗa kai, ya ɗauki ludayi ya ce, "To, je ki wasanki. Ki bar min wannan." Ban yarda da shi ba, amma na tafi.

Bai yi gaggawa ba. Ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa bodinta, ya sa aka nemo direban, ya tambaye shi man da take sha da gyaran da take ci. Ranar Alhamis ya bi Baba Maigatari, ya wuni a kara da rumfunan fatu yana kallon yadda ake ciniki, ya dawo takalmansa duk kashin shanu. Washegari bayan an sauko daga masallaci, bai aika a kira Baffa Haladu ba, shi ya taka da ƙafarsa ya zagaya ta ƙofar gidansu ya yi sallama. Mairo ta ba ni labari daga baya cewa babanta ya so ya fice ta baya, Iya Hanne ta tare shi. Lauyan ya zauna da shi a kan buzu, ya warware masa abin dalla-dalla: ba a ɗaure mutum don ya ce yana da hannu a ciniki, ba kan duk abin da ya shigo ake yanka haraji ba sai an cire mai da gyara da ladan ma'aikata, kuma idan aka san su biyu ne, nauyin ma raguwa zai yi. Baffa ya ce, "Ashe tsorona ne ya kusa kai ɗan'uwana kurkuku." Ya fashe da kuka, babba da shi.

Baba ne ya fi wuya. Yana son a je kotu a tabbatar a gaban alƙali cewa ba ƙarya ya yi ba. Inna tana bayan ƙofar zaure ta ji abin da lauyan ya ce masa, ta kuma riƙa maimaita shi har ƙarshen rayuwarta. "Malam Isiyaku, in ka ce mu je, za mu je, kuma za ka ci. Shaidu sun cika gari. Amma kafin a gama, motar nan ta ruɓe a inda take. Kotu za ta ba ka gaskiyarka, ba za ta ba ka maƙwabci ba." Baba ya ce shi da aka ɗauko don ya tsaya masa, ya zai koma ba shi haƙuri? Lauyan ya ce, "Tsaya maka ɗin nake yi."

Ranar da za su tafi ofishin haraji a Kano, su uku a Fijo, Baffa Haladu sai da ya bar wa Iya Hanne wasiyya, ya yafi kowa. Baba ya shiga baya, fuska a murtuke, Baffa ya raɓe a ɗaya gefen. Sun kwana a can. Washegari ba na jin an dafa abin kirki a gidajen nan biyu. Na kai awaki, na je makaranta, malam ya yi tambaya ya kira sunana har sau biyu ban ji ba. Da la'asar ina bakin hanya na hango Mairo ita ma a tsaye, nesa kaɗan. Ban san lokacin da muka matso kusa da juna ba. Da motar ta ɓullo, idona ya fara ƙirga kawuna, na ga hular Baba, na ga rawanin Baffa. Suna fitowa Baba ya ɓare goro ya miƙa wa Baffa rabi ba tare da ya dube shi ba, kamar yadda ya saba. Na zauna daɓas a cikin rairayi. Mairo ta kama ni tana dariya tana hawaye.

An daidaita da hukuma, aka yanka musu abin da za su iya, aka ba su lokaci su biya a hankali, ba a taɓa motar ba. Kafin Lauya Salihu ya koma, ya rubuta musu yarjejeniya, ya karanta musu da Hausa a gaban liman da mai unguwa, kowa ya dangwala yatsa, daga baya kuma ya yi wa cinikin rajista da sunayensu biyu. Zanar kuwa, Baba bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Da safe ya tsaya a tsakar gida yana duban sama, ya ce wa Inna, "Awakin nan rana na dukansu. A nemo musu abin inuwa." Inna ta ɗauki wuƙa ta nufi katanga. Kafin ta gama yanke igiyar, Iya Hanne tana ja daga can ɓangaren.

Daga shekarar nan duk bayan kaka sai lauyan ya zo, ya zauna a zaure ya duba musu takardu, ya yi musu faɗa kan rasit ɗin mai da suke naɗe goro da shi. Yakan tambayi Jummai mai faɗa, ni kuwa in ɓuya don kunya. Da Baffa Haladu ya rasu, yarjejeniyar nan ce ta sa aka fitar wa magadansa haƙƙinsu ba wanda ya ɗaga murya. Labarin rasuwar shi lauyan a bakin direba muka ji, bayan an yi wata da watanni, ba mu ma sami zuwa gaisuwa ba.

Yanzu ni da Mairo duk mun yi jikoki, tana aure a Sule Tankarkar, muna haɗuwa a biki da suna. Lauyoyi sun yi yawa, har cikin 'ya'yan unguwarmu akwai su, kuma yaro ba ya hawa katanga don ya ga ɗaya. Amma 'ya'yan ƙanena biyu sun yi shekaru suna shari'a kan shagon da suka buɗe tare. Shagon yana nan a garƙame, kwaɗo ya yi tsatsa, matansu ba sa gaisawa. Duk sanda na wuce ta wurin sai in rage sauri, in tuna dattijon nan mai ɗingishi. Mu dai Allah ya yi mana gyaɗar dogo, aka aiko mana wanda ya fi son ganin mota a hanya da ganin kansa a kotu.