Ranar da Na Ɓoye wa Masu Nemana

Shekarun baya, ina saukowa daga matattakalar wani tsohon gini a Turai da mayafin Sitti a hannuna, na ji shirun ya yi yawa. Babu ƙwas-ƙwas ɗin sandarta, babu hayaniyar jikokinta.

Sitti ita ce tsohuwar da nake jinya a unguwar Bagdadiyya ta Jidda. Iyalinta suka tafi da ni hutu don in riƙa kula da maganinta. Ranar an kai mu kallon ginin majalisar babban birnin ƙasar, ƙaton gida na dutse, fitilu na reto daga rufi kamar nonon dabino, bango duk zanen maza masu gashin baki. Za mu fita Sitti ta tuna ta bar mayafinta a zauren sama. Surukarta, da muke kira Madam, ta ce, "Yalla, ruga ki ɗauko." Na ruga. Wajen dawowa ƙofofi suka rikita ni, kafin in gano hanya sun tafi. Mota biyu ce, ashe kowace ta ɗauka ina cikin ɗayar.

Fasfona yana jakar Madam. Wayata ba layi. Sunan otel ban riƙe ba. Turancin sakandare kuwa ya gudu ya bar ni.

A Kurayyat ta Saudiyya aka haife ni, amma fasfon Najeriya gare ni, ƙasar da ban taɓa takawa ba. Mun taso in aka ce 'yan jawazat sun shigo unguwa duba takardu, duk wanda iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu sai ya haye rufi ya ɓuya. Wata maƙwabciyarmu burodi ta fita saye, sai daga Kano aka ji muryarta. To da na ga mai gadi cikin kaki ya nufo ni yana magana a rediyonsa, ban ga mai taimako ba. Tarhil na gani, a sa ni a jirgi zuwa inda ban san kowa ba, mahaifiyata na Jidda tana jira.

Na juya na shige wani ɗaki da aka jibge kujeru, na tsuguna a bayansu. Ni da takardar sakandarena, kamar kyanwar da ta saci kifi.

Ta bango ina jin ana ɗaura wa wasu aure, ana tafi, ana dariya. Ni kuwa hancin takalmina nake kallo. Can na ji namiji yana kiran sunana a karkace. Na ce halas, shi ke nan, har suna sun samu. Na ƙara dunƙulewa.

Na yafe wa Madam tuni, kuma ina ba da labarin ana dariya. Amma har yau in rediyon mai gadi ya yi ƙara a kanti, sai na waiga neman wurin ɓuya.

Ranar dai, wajen la'asar ƙofa ta buɗe. Wata dattijuwa mai shara ta leƙo, ta jingine tsintsiyarta, ta yi mini Larabcin Sham.

"Ya binti, ke ce 'yar Jidda? Awa biyu kin hana maza zama!"

Na ce, "Khala, don Allah kar ki faɗa. Ba gudu na yi ba. Ba ni da takarda."

"Wa ya tambaye ki takarda?"

"Ba za a yi mini tarhil ba?"

Ta tsuguna da ƙyar, gwiwarta na ƙara, ta kama haɓata.

"Tarhil zuwa ina? Tsohuwarki ta dawo da motocin duka biyu. Tana zaune a bakin ƙofa tana zagin ɗanta, ta rantse ba za ta sha magani daga hannun kowa ba. Tashi, habibti. Babu mai taɓa ki."