Malam Labbo da Kyamarar da Ta Nutse a Matan Fada

Ƙarfe bakwai da rabi na safe keke yake sauke Malam Labbo a bakin tsohuwar kasuwar Birnin Kebbi, daga gidansa na Gwadangaji. Ba ya tsayawa doguwar gaisuwa sai ya buɗe shago, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya jera sukurudirebobinsa masu sirantar allura, ya ajiye marafan kwalba guda shida da yake zuba ƙananan notuna a ciki. Sannan ya wanke hannu, ya ɗago kai ya tambayi maƙwabta kwana. Shekara arba'in da ɗaya yana gyaran kyamara a wannan kujera. Ƙarshen watan nan zai rufe shagon, domin idonsa ya fara yi masa gardama. Ba za a yi masa walima ba. Garin nan ya fi iya karrama wanda ya gina rabin kwalbati ya gudu.

Ya fara aiki zamanin fim, lokacin da mutum ke yin wanka ya sa babbar riga don a ɗauke shi hoto ɗaya tak, a gaban labule mai zanen jirgin sama, hannunsa a kan tarhon da ba ya da waya. Sai ka jira mako guda kafin ka ga fuskarka, in ta fito da kyau ka yi mata gilashi. Masu hoton Ambursa da Argungu duk wurinsa suke kawo kayansu a naɗe cikin rawani. Yanzu kowa na ɗaukar hoto dubu a waya, kuma da wuya ka shiga ɗakin da aka rataye ko ɗaya.

Da kyamarori masu tsada suka shigo, sai suka zo da takardu. Mai shago a Legas ko Kano zai ce ka ƙara wani abu a tsawaita maka garanti zuwa shekara uku, mutanenmu kuma su karɓa suna murna, a zatonsu sun sayi kariya daga duk wata ƙaddara. Labbo ne kaɗai na sani yake sa tabarau ya karanta ƙananan rubutun har ƙasa. Ya faɗa wa duk mai sauraro cewa garanti na lahanin da aka ƙero abu da shi ne, ruwa da faɗuwa da ɓarawo kuwa aikin inshora ne, kuma akwai irin wadda malamai suka amince da ita. Ana yi masa godiya, a fita a sayi garantin, domin takardarsa ta fi ƙyalli.

Taufiq mai hoto na Argungu yana cikin waɗanda suka yi godiyar. A wata shekara, ranar gasar kamun kifi, wani masunci mai suna Dikko ya fito da giwan ruwa a kafaɗa, ya kira shi ya ɗauke shi hoto. Dikko mutum ne mai gudun kyamara. Hotonsa ɗaya a duniya shi ne na katin zaɓe, wanda ya fito a ciki kamar wanda 'yan sanda ke nema. Taufiq ya ɗauka, ya juya, jirgin ruwan da yake tsaye a kai ya karkata, kyamara ta tafi ƙasan kogin Matan Fada. Masunta suka nutsa suka ciro ta cike da laka. Bayan mako uku zazzaɓi ya ɗauke Dikko.

Katin da hotunan ke ciki ya maƙale, tsatsa ta like ƙofarsa. Ba a ciro shi sai an buɗe cikin kyamarar, buɗewa kuma sai an yage hatimin garanti. Mai shagon da ya sayar da ita ya yi wata huɗu yana cewa a aiko su duba, amma kada kowa ya taɓa hatimin. Da Ma'u, matar Dikko, ta fita takaba, sai ta sa Taufiq gaba har shagon Labbo.

"Ka kunna ta bayan ta hito ruwa?" in ji Labbo.

"Sau guda dai, Baba, in gani ko tana yi. Kuma na sa ta cikin buhun shinkafa kwana ukku."

"Da ka ƙara mata mai da albasa, ka kira mu kalaci."

Taufiq bai yi dariya ba. Ya miƙa takardar garanti. "Sun ce in aika musu. In anka yage hatimin ga, shi ke nan, ba ni da komi. Da ita nika ciyar da gida, Baba."

Labbo ya sa tabarau, ya bi layukan da yatsa, ya tsaya. "Karanta nan. Ban da ruwa. Ba su biyanka, ɗana, ko da hatimi ko babu. In ka aika, wata shida za su aje ta, su maido maka gawa, katin kuma Allah kaɗai ya san inda za shi. Amma taka ce. Ba ni yage shi sai ka ce."

Ma'u ta yi magana daga bakin ƙofa, inda take zaune. "Malam, ni ban san garanti ba. An ce min maigidana na cikin abin ga. In na ruhe ido muryatai nika ji, huskar kuwa ta hwara ɓace min."

Duk wanda ya binne abokin zamansa ya san ba ƙarya ta yi ba. Fuska ce ke fara tafiya, kuma babu kamfanin da ya taɓa rubuta takarda a kanta.

Taufiq ya daɗe yana kallon hatimin. Sannan ya ce, "Yage, Baba."

Kwana biyu Labbo ya yi a kai. Ya kwance noti ashirin da wani abu, ya kankare tsatsa da tsinke, ya zaro katin da hantsaki, ya goge haƙoransa ɗaya bayan ɗaya. Kyamarar ba ta tashi ba, gilashinta kawai ya ceto. A rana ta uku hoton ya bayyana a kwamfuta: Dikko tsaye cikin ruwa har ƙugu, kifi a kafaɗa, baki buɗe yana dariya, wushirya a waje.

Ma'u ta matso. Ta ƙura wa hoton ido. Can ta ce, "Ji shi, ko hula babu. Shekara ashirin da biyu ban ga ya yi min dariya hakanga ba. Ashe kihi yaka yi ma." Sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

Malam Labbo, kai ne ka faɗa wa mutum gaskiyar takardarsa alhali ƙarya ta fi saurin sallamar sa. Kai ne ka bar masa zaɓi a hannunsa, ka kuma jira. Taufiq ya sha wuya kafin ya sake mallakar wata kyamara, ya yi mata inshora a ranar da ya saya, kuma har yau bai ce ka cuce shi ba. Mun gode, Allah ya saka maka, ya bar maka sauran ganinka. Masu gyara na yanzu, masu canza allo su jefar da tsoho, ku koyi tambayar abin da ke cikin na'ura da wanda ke jiran sa kafin ku ce ta mutu.

Hoton yana rataye a ɗakin Ma'u a Argungu. A bayansa akwai tambarin shagon Taufiq da lambar wayarsa. Sunan Labbo ba ya ko'ina a jiki, shi ya sa na rubuta shi a nan.